Labarin Samari Uku Da Suka Haɗa Jarin Murya A Ikko

Jama'ar Dutsin-Ma da Kurfi, malamai da 'yan kasuwa, da wuya a sami wanda bai taɓa jin irin waƙar nan ta samari ba, wadda ake jera magana da sauri bisa kiɗa kamar ta 'yan gambara, balle tun da aka kafa jami'ar tarayya a Dutsin-Ma cikin 2011 ɗalibai suka yawaita. Sunanta hip-hop. Baƙar fatar unguwar Bronx ta birnin New York a Amurka su suka fara ta wajen 1973. Amma a ƙasar nan samari uku ne suka buɗe mata kasuwa, ana kiran ƙungiyarsu The Remedies, watau magunguna, ɗayansu kuwa haifaffen Kano ne.

Shi ne Idrisu Abdulkarim, wanda ke rubuta sunansa Eedris. An haife shi cikin 1974, iyayensa Yarabawa ne, amma a Kano ya tashi. Da ya sauka Ikko sai ya gamu da Eddy Montana da Tony Tetuila, mutumin Oro ta jihar Kwara, suka haɗa kai cikin 1997. A zamanin nan samarin birane waƙoƙin Amurka suka fi so. Su kuwa sai suka ari kiɗan wata waƙa ta MC Lyte, mawaƙiyar can, suka ɗora masa Yarabanci da Turanci, suka sa wa waƙar suna Shakomo. Kenny Ogungbe da Dayo Adeneye na Raypower, gidan rediyo na farko mai zaman kansa a Nijeriya, suka yi ta sa wa mutane ita, kamfanin Kennis Music na shi Kenny ya ɗauke su. Nan da nan waƙa ta cika ƙasa.

To, ku dubi yadda makaɗanmu ke tsara nasu sha'anin. Alhaji Mamman Shata, mutumin Musawa, wanda ya rasu cikin 1999, shi ke waƙa, masu kalangu da 'yan amshi suna bayansa, kowa ya san matsayinsa, in wani ya tafi a sa wani, waƙa ba ta fasa ba. Waɗannan kuwa uku ne kai ɗaya, babu ubangida a cikinsu, kuma abin da suka haɗa murya ce. Fatake in sun haɗa jari, kowa ya san abin da ya zuba, ranar rabo a ƙirga. Murya fa, da wane mudu za a auna ta? Eddy ke rera amshi, Eedris ke jera magana, sai aka shiga raina ƙoƙarin Tony, har ya zama shi ya fara fita.

Wanda aka raina ɗin bai kwanta ba. Ya nemo samarin Plantashun Boiz, cikinsu har da Innocent Idibia wanda ya shahara daga baya, suka yi Omode Meta, jama'a suka ɗauke ta habaici ce ga abokansa na da. Cikin 2001 ya fitar da My Car, waƙar raha a kan karon mota, wadda ya ambaci Bola Tinubu a ciki, lokacin yana gwamnan Ikko. Eedris ya mayar masa da zambo cikin faifansa na 2002, a shekarar nan kuwa ƙungiya ta gama watsewa. Abin da ɗan kasuwa zai lura da shi, duk faifan biyu Kennis Music ne ya fitar. Abokai suna jifan juna, dillali yana sayar da hajar kowane gefe.

A ganinmu Eedris ya fi su barin suna, bakinsa kuma ya fi jawo masa wahala. Cikin 2004 ya yi Jaga Jaga a kan lalacewar al'amuran ƙasa, Shugaba Obasanjo ya fusata, aka hana sa ta a rediyo. Cikin Disambar shekarar ya yi rigima da mutanen 50 Cent, mawaƙin Amurka, a kan kujerar jirgin sama, yana cewa ba a darajanta mawaƙan gida kamar baƙi, daga nan manyan wasanni suka yi masa ƙaranci. Cikin 2022 aka yi masa dashen ƙoda, matarsa ce ta ba shi. Cikin Afirilun 2025 kuma hukumar da ke kula da gidajen rediyo da talabijin ta hana sa wata sabuwar waƙarsa, wadda ya aika wa Tinubun nan saƙo ta hannun ɗansa, bayan ya zama shugaban ƙasa.

Haza wasalamu.