Daga Kyaftin Boycott zuwa Kujerar Na Ƙi

 Yau rumbun Turanci za mu leƙa, mu zaƙulo wasu kalmomi da ba a raba su da labaran duniya, wato kalmomin da Bature yake amfani da su idan mutum ya ja ƙafa, ko ya turje, ko ya ƙeƙasa ƙasa ya ce bai yarda ba. Galibinsu rikici ne ya haife su, kuma idan ka bi sawunsu za ka tarar wasu makaman talaka ne, wasu kuwa na masu iko.

Bari mu fara da wadda ta fi kowace yawo a duniya, wato boycott, abin da muke kira ƙauracewa. Asalinta sunan mutum ne. Kyaftin Charles Boycott tsohon sojan Ingila ne da ya zama wakilin wani mai filaye, Lord Erne, a gundumar Mayo da ke yammacin ƙasar Ayilan. Shi ke karɓar kuɗin hayar gonaki daga hannun manoma. A shekarar 1880 damina ba ta yi kyau ba, manoman suka roƙi a rage musu kashi 25 cikin 100 na kuɗin haya. Aka ce kashi 10 kawai za a rage. Da suka kasa biya, sai Boycott ya fitar da takardun korar iyalai 11 daga gonakinsu.

A watan Satumba na wannan shekara, jagoran ƙungiyar kare manoma, Charles Stewart Parnell, ya yi jawabi a garin Ennis, inda ya shawarci jama'a da kada su zubar da jinin wanda ya ci amanar manomi, su dai juya masa baya gaba ɗaya. A kan Boycott aka fara gwada wannan shawara. 'Yan ƙwadagonsa suka watse. Masu kanti suka daina sayar masa da kaya, maƙeri ya ƙi taɓa dawakinsa, mai wanki ta ƙi karɓar tufafinsa, har yaron da ke kai masa wasiƙa sai da aka hana shi. Amfanin gona ya nuna, babu mai girbi.

Ku ji yadda ta ƙare. A watan Nuwamba aka kwaso 'yan sa kai kimanin 50 daga arewacin ƙasar su yi masa girbi, sojoji da 'yan sanda wajen 1,000 na gadinsu. An ƙiyasta cewa hukuma ta kashe kusan fam 10,000 don ceto amfanin da bai wuce na fam 500 ba. Kafin shekarar ta fita Boycott ya tattara nasa ya nasa ya bar Ayilan, jaridu kuwa tuni sun mayar da sunansa kalma. A 1881 majalisar Birtaniya ta yi sabuwar dokar filaye da ta sassauta wa manoman.

Abin da ya fi burge ni a labarin nan shi ne, mutanen ba su da bindiga, ba su da dukiya, amma suna da abin da mai dukiya ba ya iya rayuwa sai da shi: guminsu da cinikinsu da gaisuwarsu. Da wannan makami baƙaƙen fatar birnin Montgomery na Amurka suka yi kwana 381 suna tafiya a ƙasa, ba su shiga motocin bas ba, bayan an kama Rosa Parks a watan Disamba na 1955 saboda ta ƙi tashi ta ba farar fata kujera. Da shi kuma ƙasashen Afirka fiye da 20, har da Najeriya, suka fice daga wasannin Olamfik na Montreal a 1976, don nuna fushi da yadda 'yan wasan New Zealand suka je wasa a Afirka ta Kudu ta zamanin wariyar launin fata.

Ɗan'uwan ƙauracewa shi ne strike. Masana harshe suna danganta ta da ma'aikatan jiragen ruwa na Landan, waɗanda a 1768 suka sauke filafilan jirage don kada ko ɗaya ya motsa sai an ƙara musu albashi. Mu kuwa muka ce yajin aiki, kuma a ganina tamu ta fi tasu hikima. Matar da ta yi yaji ba saki ta nema ba, biko take jira, a zo a zauna da magabata a gyara. Haka ma'aikacin da ya ajiye aiki, komawa yake son yi, amma da mutunci. Yajin gama-gari na 1945 da Michael Imoudu ya jagoranta a Najeriya ya wuce mako shida kafin Turawan mulkin mallaka su saurara. Na malaman jami'a a 2022 kuwa wata takwas ya ci, kuma iyayen da 'ya'yansu suka zauna a gida sun san abin da jinkirin biko yake jawowa.

Wata kalmar kuma ta shigo bakinmu ta sauya kama. A Ingila go-slow dabara ce ta ma'aikata, su zo aiki amma su riƙa yinsa da sanyin jiki da gangan. Da ta iso Legas da Kano sai ta koma gosulo, cunkoson motoci.

Yanzu mu haura sama, wajen manya. Akwai filibuster, wadda ta samo asali daga sunan da mutanen Holan suke kiran 'yan fashin teku. A Majalisar Dattawan Amurka tana nufin sanata ya riƙe magana ya ƙi saki, don kada a kai ga kaɗa ƙuri'a. A watan Agusta na 1957 Sanata Strom Thurmond ya yi awa 24 da minti 18 yana magana a tsaye. Kan me? Don ya hana dokar da za ta kare 'yancin baƙar fata na yin zaɓe. Dokar dai ta wuce duk da haka. Har gobe kuma, sai an sami sanatoci 60 cikin 100 kafin a rufe muhawara a kan galibin ƙudurori, don haka 'yan tsiraru na iya danne abin da mafi rinjaye suke so.

Uwa uba ita ce veto. Kalmar Latin ce, ma'anarta na hana. A tsohuwar daular Rum wakilan talakawa ne suke da ikon furta ta don su taka wa manya birki. Ku dubi inda ta koma yau. A Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya mai ƙasashe 15, guda biyar ne kaɗai ke da ita: Amurka, Rasha, Sin, Birtaniya da Faransa. Ko da sauran 14 sun amince, ɗaya daga cikin biyar ɗin nan ta ɗaga hannu, magana ta mutu. Mafassaran labarai na Hausa suka raɗa mata suna hawa kujerar na ƙi, kuma sun yi daidai, domin ƙin mai kujera daban ne da ƙin mai tafiya a ƙasa. A 1974 Amurka da Birtaniya da Faransa suka hau ta tare suka hana a kori gwamnatin wariyar Afirka ta Kudu daga majalisar. A 2022 Rasha ta hau ta a kan yaƙin Yukiren. Tun daga 2023 Amurka ta sha hawanta a kan ƙudurorin tsagaita wuta a Gaza, ana ta binne yara. Afirka mai ƙasashe 54 a majalisar ba ta da ko ɗaya daga cikin kujerun, kuma wannan zalunci ne da bai kamata mu gaji da faɗarsa ba.

Saboda haka mai sauraro, idan ka ji ɗaya daga cikin kalmomin nan a labarai, ka tsaya ka tambaya: wa ya ƙi, kuma wa ya kwana a ciki?