Littattafan Kakanni a Intanet: Wa Ke da Hakkinsu?

Daga Wakilinmu na Arewa

'Yan'uwa mazauna Ikko da Badun da Anacha, musamman masu sana'ar sayar da littattafai a bakin masallaci, ga wata magana da ta shafe ku.

Tun shekarar 2004 babban laburaren Ingila da ke Landan ya kafa wani shiri na ɗaukar hoton tsofaffin takardu da ake tsoron kada gara ko ruwa su cinye. A ƙa'idar shirin, takardun na asali ba su barin ƙasarsu, hoton kaɗai ake ɗorawa a intanet. Ta haka rubuce-rubucen ajami da na Larabci daga Arewa suka shiga hannun duniya. Jami'ar Boston ta Amurka ita ma ta tara ajamin Hausa a irin wannan hanya.

To, abin tambaya shi ne, ko mutum yana iya sauko da su ya buga ya sayar?

Dokar hakkin mallaka ta Nijeriya, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a 2023, ta ce hakkin littafi yana nan har shekara 70 bayan ƙarshen shekarar da mawallafinsa ya rasu. Watau rubutun Shehu Usmanu, wanda ya rasu a 1817, da na 'yarsa Nana Asma'u, sun daɗe da zama na kowa. Amma Alhaji Abubakar Imam a 1981 ya rasu, saboda haka wanda ya buga Magana Jari Ce ba da izini ba kafin ƙarshen 2051 ya taka doka.

Sai kuma sharaɗin da laburaren ya ɗora a kan hoton kansa. Yawancinsu suna bin lasisin Creative Commons, ƙungiyar da aka kafa a 2001. Wani lasisin ya yarda ka kwafa muddin ka faɗi inda ka samo. Wani kuwa ya hana ciniki da shi sam. Bayanan kundi, irin su sunan littafi da mawallafi da shekara, manyan laburare da yawa sun sake su kyauta ba sharaɗi.

Saboda haka kafin ka kai wa mai injin buga littafi kuɗinka, duba abu biyu: yaushe mawallafin ya rasu, kuma me aka rubuta a ƙarƙashin hoton. In ba ka jin Turanci, sa ɗalibi ya karanta maka.