Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Tsakanin 1950 Da 1965

Ku sani, ya jama'ar masu karatu, marigayi Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, Allah Ya jiƙansa, ba ɗan sarauta ba ne. An haife shi a 1912 a ƙasar Bauchi, ya fara da allo, kana ya shiga Kwalejin Katsina a 1928, ya fito malamin makaranta. Shi ne mawallafin littafin Shaihu Umar.

Abin da ya ɗaukaka sunansa ya auku a Kaduna cikin watan Agusta na 1950. Ya miƙe a Majalisar Wakilai ta Arewa, ya nemi a binciki mulkin En'e dukansa a gyara shi, domin talaka ba a shawara da shi, kuma cin hanci ya yi yawa. A zamanin nan, wanda ya soki hakimi a kasuwa yana iya kwana a gidan yari, balle mai faɗi a gaban Turawa da manyan fadawa. Da ƙyar shawarar ta wuce, amma ita ta buɗe ƙofar gyaran majalisun sarakuna.

Ya zama ministan ayyuka a 1952, Firayim Minista a 1957, a hannunsa aka karɓi mulkin kai ran 1 ga Oktoba 1960. A 1961 ya kori jakadan Faransa saboda bam ɗin da suka gwada a Sahara.

Sai dai adalci ya wajabta a faɗi ɗaya gefen. Da rikici ya tashi a Jihar Yamma a 1962, nan da nan gwamnatinsa ta kafa dokar ta-ɓaci. Amma bayan zaɓen Oktoba 1965, da aka riƙa ƙone gidaje da mutane da fetur, fatake suna tsoron hanyar Ikko, bai kafa ta ba, alhali Akintola mai riƙe da jihar abokin ƙawancen jam'iyyarsa ne. Waɗansu sun ce haƙuri ne, waɗansu sun ce nauyin jam'iyya ya danne harshen da bai ji tsoron sarakuna ba.

Ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Ikko kan batun Rodeshiya cikin Janairu 1966. Daren 15 ga watan soja suka ɗauke shi daga gidansa. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Abekuta, aka kai shi Bauchi aka yi masa sutura.