Injiniyoyin Kwamfuta na Indiya da Kasuwar Sabon Ibadan

Dillalin shanu a Sabon Ibadan, unguwar Hausawa da aka kafa a 1916, idan ya aika wa fatake kuɗinsu Arewa ta banki, sau da yawa manhajar Indiya ce ke ɗaukar saƙon. Manhajar Finacle, wadda First Bank da UBA suka ɗauka, ta kamfanin Infosys ce da ke Bangalor.

Tsarin irin waɗannan kamfanoni shi ne su bar yawancin aikin a gida, inda albashi ke da rahusa, su tura matashin injiniya ƙetare na 'yan watanni, ya girka manhajar, ya horar da ma'aikatan banki. Buƙatarsu ta ƙaru a Nijeriya bayan 2005, sa'ad da bankuna 89 suka dunƙule zuwa 25, ya zama tilas a haɗa littattafan ajiyarsu.

Baƙon na iya ziyartar Cocoa House da Hasumiyar Bower, har ya yi canji a Sabo. Amma abin da zai kashe bai taka kara ya karya ba, in aka gwada da kuɗin lasisi da na gyara da bankuna ke biya da kuɗin waje. Daga ƙarshe, ɗan kasuwa ke ɗaukar wannan nauyi cikin ladan da banki ke cira.