Addinin Buda a Ajin Firamare: Abin da Ya Dace Yaron Sheme Ya Sani

Garin Sheme yana cikin Ƙaramar Hukumar Faskari ta Jihar Katsina, a daidai inda hanyar Ƙanƙara ta haɗu da babban titin da ya tashi daga Funtuwa zuwa Gusau, kuma yaran wannan yanki, har zuwa Sabuwa, galibi suna tashi ne tsakanin makarantu biyu, wato ta allo ko Islamiyya da kuma ta boko. A firamaren gwamnati, manhajar da Hukumar Bincike da Bunƙasa Ilimi ta Nijeriya ta tsara ta ware darasin addinin Musulunci ga 'ya'yan Musulmi, da na Kirista ga 'ya'yan Kirista, sannan darasin zamantakewa yakan ambaci addinin gargajiya a matsayin na uku. Addinin Buda ba shi da darasi nasa a wannan tsari, amma hakan bai hana shi shigowa gidaje ba, domin yaro yakan ga masu askin ƙwal-kwabo da mayafi ruwan goro a finafinan faɗan Sin da ake turawa a waya, yakan kuma ji manya suna ambaton sunan a labaran rediyo, ya zo aji da tambaya.

Kafin malami ya amsa wannan tambaya, wajibi ne ya rarrabe abubuwa biyu da akan cakuɗa su. Akwai koyar da addini, wato tarbiyyantar da yaro ya gaskata kuma ya aikata, wanda haƙƙin iyaye ne da malaman da suka amince da su. Akwai kuma koyarwa game da addini, wato bayyana wa yaro su wane ne mabiyansa, ina suke zaune, me suke cewa kuma me suke yi, kamar yadda ake bayyana masa koguna da duwatsun wata ƙasa. Sashe na 38 na Kundin Tsarin Mulkin Nijeriya na 1999 ya haramta a tilasta wa ɗalibi karɓar koyarwar addinin da ba nasa ba ko shiga ibadarsa, don haka game da addinin Buda, nau'i na biyu kaɗai ke da gurbi a ajin gwamnati. Ingila ta bi wata hanya tun daga dokar ilimi ta 1988, wadda ta sa manhaja ta kula da sauran manyan addinan ƙasar baya ga Kiristanci, har wasu makarantu suke sa yara gwada zaman shiru irin na mabiya Buda, abin da bai dace da Sheme ba, tun da iyaye za su ɗauke shi a matsayin ibada.

Bayanin da ya ishi ɗan aji huɗu zuwa shida ba shi da tsawo. Kalmar Buda laƙabi ce mai ma'anar wanda ya farka, an kuma laƙaba ta ga Siddata Gotama, ɗan gidan sarautar ƙabilar Sakiya, wanda aka haifa a Lumbini, cikin ƙasar Nepal ta yau, kimanin shekara 2,500 da suka wuce. Ruwayar mabiyansa ta nuna cewa an rene shi cikin daula, an kange shi daga ganin wahala, har ranar da ya fita gari ya ga tsoho tukuf, da majinyaci, da gawa, da wani mai gudun duniya, abin da ya sa ya bar fada yana ɗan shekara 29. Bayan shekara shida na yawo da horar da jiki, sun ce ya sami farkawa a ƙarƙashin wata bishiya dangin ɓaure a Bod Gaya, ya yi wa'azinsa na farko a Sarnat kusa da Baranasi, ya ci gaba da karantarwa har ya rasu a Kushinagar yana da shekara 80.

Ginshiƙin koyarwarsa shi ne abin da ake kira gaskiya huɗu: cewa rayuwa ba ta rabuwa da ƙunci, cewa tushen ƙuncin shi ne kwaɗayi, cewa ƙuncin yana yankewa idan kwaɗayin ya mutu, kuma cewa akwai tafarki mai rassa takwas da ke kai wa ga hakan, wanda ya ƙunshi gyara magana da aiki da sana'a da tunani. Mabiyi na gama-gari yana ɗaukar alkawari biyar, wato barin kashe rai, da sata, da alfasha, da ƙarya, da shan abin maye, kuma yaron da ya zauna gaban malamin Islamiyya zai gane waɗannan nan take. Sai dai adalcin malami shi ne ya faɗi bambancin a fili kamar yadda ya faɗi kamancin: koyarwar Buda ba ta ginu kan imani da Mahalicci ba, tana cewa ana sake haihuwar mai rai sau da yawa gwargwadon aikinsa, wanda suke kira kamma, har sai ya kai nibbana, wato mutuwar wutar kwaɗayi, kuma mabiya suna rusuna wa mutum-mutumin Buda suna ajiye masa furanni da turare. Ɓoye wannan domin a daɗaɗa wa yaro zalunci ne ga addinan biyu, domin rana ba ta ɓoyuwa da tafin hannu.

Mai tsoron cewa irin wannan bayani baƙon abu ne da boko ya kawo zai sami natsuwa a tarihin malantar Musulunci. Ibn Nadim ya ambaci mabiya Buda na Khurasan da sunan Sumaniyya a littafinsa Al-Fihrist, wanda ya kammala wajen shekarar 987. Biruni ya yi magana a kansu cikin littafinsa kan Indiya wajen 1030. Shahrastani kuma, wanda ya rasu a 1153, ya ware musu fasali a Al-Milal wan-Nihal, littafin da ya tattara aƙidun al'ummomi yana bayyana kowace kamar yadda masu ita suke faɗinta. Hatta Baramika, waziran Halifa Haruna Rashid, kakanninsu masu kula da wurin bautar Buda ne na Naubahar a birnin Balkh kafin su musulunta. Waɗannan malamai sun ɗauki sanin abin da wasu suka yarda da shi a matsayin reshe na ilimi, kuma bai rage musu komai a addininsu ba.

Hanyar da ta fi dacewa da ƙananan yara ita ce labari, kuma a nan malamin Hausa yana da gado a hannu. Mabiya Buda suna da tarin labarai 547 da ake kira Jataka, da yawansu na dabbobi ne masu magana, kamar tatsuniyoyin Gizo da Ƙoƙi. Ɗaya daga ciki shi ne na kunkuru mai surutu, wanda tsuntsaye biyu suka ɗauka sama yana cije da sanda, da sharaɗin kada ya buɗe baki, amma da ya ji mutane na yi masa dariya sai ya tanka, ya faɗo. Labarin ya zo kuma cikin Kalila wa Dimna, wanda Ibn Muƙaffa ya fassara zuwa Larabci wajen shekarar 750, kuma daga irin wannan rumbu na Indiya da Larabawa ne Abubakar Imam, tsohon malamin makarantar Midil ta Katsina, ya ɗebi wasu labaran Magana Jari Ce na 1937, har da dabarar sa aku ya zama mai ba da labari. Yaro zai fahimci cewa hikima tana ratsa ƙasashe kamar fatake, ba tare da ta ɗauko aƙidar masu ita ba.

Bayan labari sai taswira da kwatance. Mabiya Buda sun fi rinjaye a Tailan, Miyanma, Sirilanka da Kambodiya, akwai su da yawa a Sin da Japan, kuma cibiyar bincike ta Pew ta ƙiyasta su miliyan 324 a shekarar 2020. Da'irar nan mai layuka 24 da ke tsakiyar tutar Indiya ta samo asali ne daga Sarki Ashoka, wanda ya yaɗa addinin a ƙarni na 3 kafin haihuwar Annabi Isa, a Afirka kuma akwai wurin bautar Nan Huwa a Afirka ta Kudu, wanda aka fara ginawa a 1992, da wata cibiya a Entebe ta Yuganda tun 2005. Kwatancen da ya fi kama hankalin yaro shi ne fitar masu gudun duniyarsu da sassafe ɗauke da ƙwarya, mutanen gari suna zuba musu abinci, da kuma yadda ake kai yara maza su zauna hannun malamai su koyi karatu, abin da ke tuna masa da tsangaya, ko da yake manufar kowanne daban ce.

Wuri mafi wahala shi ne batun Rohingya, domin da yawan Hausawa sun ji sunan wannan addini a 2017, lokacin da sojojin Miyanma suka kori Musulmin Rohingya fiye da 700,000 zuwa Bangaladash, wasu malaman Buda kuma suka rura wutar ƙiyayya. Malami ba zai musanta wannan ba, amma aikinsa ne ya nuna cewa kisan ya saɓa wa alkawarin farko na addinin kansa, kuma laifin wasu ba ya hawa kan miliyoyi. Yaran Faskari da Ƙanƙara, waɗanda suka ji labarin sace ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara cikin Disambar 2020, sun kuma ga yadda ake ɗora wa ƙabila guda laifin 'yan bindiga, ba sa buƙatar dogon bayani kafin su gane illar yi wa jama'a kuɗin goro.

A aikace, darasi ɗaya ko biyu cikin zangon karatu ya wadatar, da sanin hedimasta da ƙungiyar iyaye da malamai, ba tare da kawo mutum-mutumi aji ko sa yara maimaita wata addu'a ba, kuma cikin lafazin ruwaya, wato malami ya riƙa cewa mabiya Buda sun ce kaza, suna yin kaza. A yankin da tsaro da kujeru da yawan malamai suka fi komai gaggawa, wannan ƙaramin al'amari ne, amma wasu daga cikin yaran da ke zaune a tabarmar aji yau su ne za su je saro kaya Gwanzu da Bankok, ko neman magani da karatu a Indiya da Malesiya, kuma wanda ya koyi bayyana addinin wani daidai, ba ƙari ba ragi, zai iya yin haka ga maƙwabcinsa Kirista ko Bamaguje da suke cin kasuwar Sheme tare.