Abin da Maersk Ya Koya Ranar da Kwamfutocinsa Suka Mutu

A ranar 27 ga Yunin 2017, ma'aikatan Maersk, katafaren kamfanin jiragen ruwan dakon kaya na ƙasar Denmak, suka ga kwamfutocinsu na mutuwa ɗaya bayan ɗaya. Wata muguwar manhaja mai suna NotPetya ce ta shigo ta cikin manhajar lissafin haraji da ake amfani da ita a Yukren, kafin a ankara ta game ofisoshin kamfanin a faɗin duniya. Tashoshin jiragen ruwa 17 cikin 76 da kamfanin ke kula da su a lokacin suka tsaya cik, manyan motoci suka yi dogon layi a bakin ƙofa.

Kamfanin yana da tanadi, kuma irin wanda masana suka daɗe suna yabawa. Yana da na'urori kimanin 150 a ƙasashe daban-daban masu riƙe da rajistar wanda ke da izinin shiga tsarinsa, kowace tana ɗauke da kwafin 'yar'uwarta. Lissafin shi ne, idan gobara ko ambaliya ta ci ofishi ɗaya, sauran za su cike gurbin. Ba a yi tunanin masifar da za ta bi layin da ya haɗa su ba. Abin ya zama kamar manomin da ya gina rumbuna goma manne da juna, wuta ɗaya ta lashe su duka.

Na'ura ɗaya tak ta tsira, a wani ofishin kamfanin da ke Afirka ta Yamma. An ɗauke wuta a can kafin harin, don haka ba ta kan layi lokacin da annobar ta wuce. Da ita aka sake tada tsarin.

Shugaban hukumar gudanarwar kamfanin na wancan lokaci, Jim Hagemann Snabe, ya bayyana a taron tattalin arzikin duniya na Davos a 2018 cewa cikin kwana 10 aka sake girka kwamfutoci 45,000 da manyan na'urori 4,000. Asarar ta kai dala miliyan 250 zuwa 300. Abin da ya fi cancanta a duba shi ne yadda kaya suka ci gaba da tafiya a waɗannan kwanaki: ma'aikata sun koma biro da takarda da WhatsApp, har yawan dakon ya ragu da kusan kashi 20 cikin ɗari kawai. Mutanen da suka san aikinsu ne suka riƙe kamfanin.

Irin wannan darasi ya iso gida a ranar 14 ga Maris 2024, lokacin da wayoyin intanet huɗu na ƙarƙashin teku, wato WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka lalace daura da gaɓar Kwaddibuwa. Manhajojin bankuna da dama a Najeriya suka daina aiki yadda ya kamata, domin wayoyin da ake ɗauka madadin juna ne ashe yanki ɗaya suke ratsawa.

Shi ya sa masu tsara shirin ko-ta-kwana yanzu suke nacewa a ajiye kwafi ɗaya da ba ya haɗe da intanet ko kaɗan, a binciki ko madadin da aka tanada yana da tushe dabam, a kuma riƙa gwada yin aiki da hannu tun ana zaman lafiya. Duk mai kamfani ko shago da bai taɓa kashe na'urorinsa da gangan ya ga yadda ciniki zai kasance ba, ya kamata ya gwada hakan a wannan watan.