Masallacin Agadas: yadda ginin laka ya kai shekaru 500 a tsaye

A watan Satumba na 2024, ruwan sama mai ƙarfi ya rushe tsohon masallacin unguwar Birni a Damagaram, abin da ya sa hankali ya koma kan sauran tsofaffin masallatan laka na Nijar. Mafi shahara a cikinsu shi ne babban masallacin Agadas, wanda aka gina wajen shekarar 1515, aka kuma sabunta shi a 1844.

Abin da baƙo ke fara hangowa shi ne hasumiya mai tsawon mita 27. Gindinta na da faɗi, tana tsukewa yayin da take hawa sama, don haka nauyin laka yake sauka kan ƙasa ba tare da ya tsaga bango ba. Akwai matsattsen matakala a cikinta. A da daga samanta ladan ke kiran salla, kuma daga nan ake hango ayari ko mahara.

Itatuwan da suka fito daga jikinta suna da aiki biyu: suna ɗaure ginin, sannan magina na taka su idan lokacin yaɓe ya zo.

Cikin masallacin kuwa, rufin ba ya da tsawo, ginshiƙai masu kauri sun jeru kusa da juna. Dalili shi ne azara ba ta iya ɗaukar nauyin rufin laka idan tazara ta yi yawa. Tsakanin ginshiƙan ne sahu ke tsayawa, ana fuskantar mihrabi a bangon gabas. Kaurin bango da ƙananan tagogi na hana zafin rana shiga, abin da masu salla a masallatan kwano da siminti na Wadata da sauran unguwannin Yamai za su yi sha'awa a watan Afrilu.

Babban abokin gabar laka shi ne ruwa. Idan indararo ya toshe, ruwa ya kwanta kan rufi, sai azara ta ruɓe. Shafa siminti ma ba magani ba ne, domin yana tsare danshi a cikin bango har ya ci shi ta ciki.

A 2013 hukumar UNESCO ta sanya tsohon garin Agadas cikin jerin kayan tarihin duniya. Amma abin da ya riƙe masallacin tsawon ƙarni biyar shi ne yaɓe a kan kari, da magina masu koya wa ƴaƴansu sana'ar.